Ƙeyar Malam Daidai

Shekara ashirin da bakwai Malam Daidai ya yi yana kallon ƙeyar mutane, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa tsayawa ya dubi tasa ba. Shagon askinsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin shagon tela da na mai gyaran fanka. Akwai kujera ɗaya mai juyawa, da bencin masu jira, da babban madubi a bango, sai wani ƙaramin madubi mai mariƙin katako da ke rataye a ƙusa kusa da ƙofa. Wannan ƙaramin shi ya jawo masa suna. In ya gama maka aski, sai ya kaɗe gashin da burushi, ya ɗauko madubin ya ɗaga a bayan kanka don ka ga ƙeyarka ta cikin babban, ya ce, "Daidai?" Ba tambaya ba ce, domin bai taɓa jiran amsa ba. Da yawa daga masu zama a kujerarsa ba su ma san yana da wani suna ba.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya fara riƙe reza a hannun kawunsa, kuma abu ɗaya ya ɗauko daga wurin tsohon ya riƙe gam. Gaban kai, in ji shi, kowane ɗan koyo yana iya gyarawa, tunda mai kan yana zaune yana gani. Amana tana baya, inda mutum ya sunkuya ya miƙa maka wurin da shi kansa bai taɓa gani ba. Saboda haka layin ƙeya ne abin alfaharinsa. Da reza yake fitar da shi, a hankali, numfashinsa a riƙe, harshensa a ɗan leƙe ta gefen baki.

Matsalar ita ce idon ba ya tashi daga aiki ko an kulle shago. A layin banki, a motar haya, a wurin taron iyayen yara, ƙeyar na gabansa yake karantawa. Ya taɓa dafa kafaɗar wani bawan Allah da bai sani ba, ya tambaye shi cikin tausayi, "Ɗan'uwa, wa ya yi maka wannan?" Tun daga ranar matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a makarantar firamare, ta rantse ba za ta sake bin layi tare da shi ba.

Mutum ne mai dariya kuma. Telan da ke maƙwabtaka da shi ba ya rabo da labari, sai ya leƙo da igiyar awo rataye a wuya ya saki guda, Malam Daidai ya ajiye almakashi ya riƙe ciki, wanda ake yi wa aski ya jira a kan kujera da rabin kai.

Ciwon ya fara ne daga atishawa. A shagon da hoda da gutsattsarin gashi ke tashi, atishawa ba baƙuwa ba ce, amma wannan tana zuwa da rakiya. Da ya yi ta, sai ya ji kamar an ɗirka masa guduma a ƙeya, ya dafa kujera har abin ya lafa. Tari ma haka. Daga baya dariya ta shiga sahu, sai ya koyi haɗiye ta. Tela ya zo da labari, Malam Daidai ya yi ɗan murmushi ya ci gaba da aiki, har Tela ya fara zargin ko labaransa ne suka tsufa.

Duk wannan ya iya daurewa. Abin da ya tayar masa da hankali hannun dama ne. Yatsun suka fara sagewa, wani lokaci kamar ana tsira masa allura, wani lokaci kamar na aro ne. Rezar da yake ji a hannunsa tamkar yatsa na shida ta zama baƙuwa. Wata Talata ya fitar wa Tela layi, ya ja da baya ya duba. Layin ya tashi daidai daga kunnen hagu, amma kafin ya kai na dama ya gangara. Ya miƙa hannu zai ɗauko ƙaramin madubi, sai ya fasa. Ya ce "Daidai" can ƙasa-ƙasa, ya cire wa Tela ƙyallen wuya. Da yamma ya sauke madubin daga ƙusa ya tura shi ƙarƙashin tawul-tawul a durowa. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce ya tsage ne, yana neman wani mai kyau. Wata takwas yana neman madubin nan.

Malama ce ta kawo ƙarshen wasan ɓuyan. Ran wata Asabar da safe ya yi atishawa a falo, ya durƙushe a gaban tebur, kofin shayi ya suɓuce masa. Ta dube shi, ta dubi kofin, ta ce, "Baban yara, ni fa ajin 'yan shekara bakwai nake koyarwa. Na san fuskar wanda ke ɓoye abu. Sa takalminka."

Sai da suka yi yawon asibiti uku kafin a tura shi cikin injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wani dogon rami mai ƙara, inda aka ce kada ya motsa. Likitan da ya karanta hoton matashi ne mai sanyin murya. Da ya juya zai nuna musu hoton a allo, idon Malam Daidai ya sauka a ƙeyarsa, ya ga abin takaici. Malama ta taka masa ƙafa tun kafin ya buɗe baki.

"Ga shi nan, Malam," in ji likitan. "A ƙasan ƙoƙon kai akwai wata kafa da laka ke bi ta sauka cikin ƙashin baya. Kai ɗakin da ke bayan kanka ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan, sai gindinta ya zurmo cikin kafar ya toshe hanyar ruwan da ke zagaya ta. In ka yi tari ko dariya, ruwan ya rasa wurin wucewa, shi ne gudumar da kake ji. Shi ne kuma ya taru a lakarka yake taɓa hannun. Muna kiran abin Kiyari. Da shi aka haife ka, yanzu ne ya ga damar magana."

"Wato ƙwaƙwalwar ce ta yi masa yawa," in ji Malama. "To wannan kam sabon labari ne a wurina."

Likita ya yi murmushi ya ci gaba. Za a yi tiyata a buɗa wa wurin fili. Za a tsaga fata a tsakiyar ƙeya zuwa saman wuya, a cire ɗan guntun ƙashi daga ƙoƙon kai, wataƙila da wani ɗan yanki na ƙashin wuya na farko, sannan a yi wa rigar ƙwaƙwalwa faci don ta saki. Aikin awa uku ne ko huɗu, kwanciya a asibiti kamar kwana huɗu. Ciwon kan yakan tafi ga mafi yawan mutane. Hannu kuwa, ba zai yi masa alkawari ba. Manufar aikin ita ce a tsayar da abin kada ya ƙaru, abin da ya dawo kuma riba ce, kuma a hankali yake dawowa.

"Akwai tambaya?"

Malam Daidai ya gyara zama. Mutum ne da aka gaya wa za a buɗe masa kai, amma tambayarsa ɗaya ce. "Ranka ya daɗe, wa zai yi askin wurin?"

"Nas ce za ta yi, da inji, a ɗakin tiyata. Kai kada ka kusanci wurin da reza. Ko ƙwarzane ɗaya ƙofa ce ga ƙwayar cuta."

Ya ce to. Irin to ɗin da Malama ta sani ne, amma ta ɗauka ko shi ba zai kai ga haka ba.

Ana gobe za a kwantar da shi, da la'asar ya ce zai je ya kulle shago da kyau. Ya shiga ya saki labule. Shi a ganinsa abin kunya ne mai aski na shekara ashirin da bakwai ya kwanta a gaban likitoci da askin nas a kansa. Ya zaro ƙaramin madubi daga ƙarƙashin tawul, ya jingina shi a kan kanta, ya juya wa babban baya, ya shafa kumfa. Ran nan ne ya fara ganin ƙeyarsa da kyau, ya kuma ga ba wata ta a zo a gani ba ce. Ya ɗaga reza da hannun da ba ya ji, yana kallon madubi cikin madubi, inda hagu ke zama dama. Sau uku ya yanke kansa. Da ya gama, abin da ke bayan kansa ya fi kama da hanyar da awaki suka bi.

Washegari nas ta ɗaga hular da ya rufa, ta fita ta kira likita. Likita ya duba ya ce ba zai tsaga fata mai sabon rauni ba. An ɗaga aikin mako biyu.

Suka koma gida. Sai da suka zauna a falo Malama ta ce, "An ce wanzami ba ya son jarfa. Kai kuma ka yi wa kanka don kada wani ya riga ka."

Bai yi murmushi ba. Ya shimfiɗa hannunsa a kan gwiwa yana kallonsa, ya gaya mata duka: layin Tela, madubin da bai tsage ba, wata takwas yana sallamar mutane da ƙeya a karkace yana ce musu daidai. Ya ce ba mutuwa yake tsoro ba, wannan ta Allah ce. Tsoronsa ya tashi daga tiyata da kai lafiya da hannun da ba zai sake fitar da layi ba, don bai san ko shi wane ne ba in babu wannan. Tausayinsa ya kama ta sosai. Ta ɗauko auduga da magani ta zagaya bayansa, ta ce, "Sunkuya. Yau kai ma ka miƙa wa wani taka."

Ranar aikin, abin da ya iya tunawa kaɗan ne: fitilun silin suna wucewa, sanyin ɗaki, wata murya tana cewa ya ƙirga daga goma zuwa ɗaya. Ya kai bakwai. Da ya farka, maƙogwaronsa a bushe, zuciyarsa na tashi, wuyansa kuma kamar an zuba masa siminti. Likita ya gaya masa tun farko cewa ciwon bayan aiki na naman wuya ne da aka buɗa, amma ji daban, gani daban. Ya kwana ɗaya a ɗakin da ake sa ido sosai, nas tana zuwa tana haska masa ido da tocila, tana cewa ya matse mata yatsu, tana tambayarsa ko ya san inda yake. Ya ce ya sani, ya kuma san wadda ta yi masa aski. Ta ce in ya ga dama ya kai ƙara.

Kwana na biyu aka tayar da shi tsaye. Ya taka daga gado zuwa ƙofa yana riƙe da Malama, ya dawo yana haki kamar wanda ya yi dako. Kwana na uku ya kai ƙarshen baranda. Kwana na biyar aka sallame shi da takardar dokoki, wadda Malama ta manna a jikin firij da irin farin cikin da malamai ke ji in sun samu doka a rubuce. Ba ɗaukar abin da ya fi butar shayi nauyi. Ba sunkuyo. Ba yunƙuri, ko a banɗaki ne, shi ya sa aka haɗa masa da maganin sassauta ciki. Ba hawa babur. Tafiya kaɗan-kaɗan kullum, a ƙara a hankali. In aka ga ruwa fari ƙal yana fita daga ɗinkin, ko zazzaɓi, ko kumburi, ko ciwon kan da ke tsananta in ya miƙe, a dawo asibiti ba jira.

Makonnin farko sun gwada haƙurin gidan. In aka kira shi, da dukan jikinsa yake juyowa, kamar mai ɗauke da tiren ƙwai a ka. Barci yake yi safe da rana, ya tashi a gajiye. Ya yi faɗa da filo, ya yi faɗa da fanka, ya yi faɗa da rediyo. Kowace safiya Malama tana duba ɗinkin, shi kuma yana tambayarta ko a miƙe yake. Ta ce ya fi duk layin da ya taɓa fitarwa, ya yi fushi har azahar. Bayan kwana goma sha biyu aka cire zare. Wata rana ta dawo daga makaranta ta same shi ya kama bokitin ruwa zai matsar, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ajiye, ko in kira likitanka mai karkatacciyar ƙeya." Ya ajiye.

Tela yana zuwa dubiya duk ranar Lahadi, da wata hular sanyi a kansa har kunne, ga shi ana zafi. Malam Daidai ya tambaye shi ko lafiya, ya ce mura ce. Mura ta yi wata uku ba ta sake shi ba. Yana kawo labaransa kamar da, Malam Daidai kuma yana haɗiye dariya kamar da, domin jiki ya riga ya koyi tsoro. Atishawa ce ta fara ba shi labari mai daɗi. A mako na biyar ta kufce masa ba shiri, ya runtse ido yana jiran guduma, sai ya ji ɗan ja a wurin ɗinki kawai. Bai gaya wa kowa ba, kada ya yi saurin murna.

Hannun shi ne ya yi ta jan ƙafa. Aka haɗa shi da mai koyar da motsa jiki, tana sa shi juya wuya kaɗan-kaɗan, da tsintar maɓallai daga faranti, da matsa ƙwallon roba. Babban yatsa da manuni da na tsakiya suka dawo a hankali. Na kusa da ƙarami da ƙaramin kuwa suka tsaya rabi, kuma likita ya ce mai yiwuwa a nan za su zauna. Malam Daidai ya yi kwana biyu yana juya maganar a ransa. A na uku ya aiki Malama ta sayo masa balan-balan, irin wanda kawunsa ya koya masa aski a kai. Ya hura, ya shafa kumfa, ya sauya riƙon reza yadda nauyin zai koma kan yatsu ukun da suka dawo. Na farko ya fashe masa a fuska. Na biyu ma. Malama tana gyaran jarrabawa a gefe, duk fashewa ɗaya sai ta ce, "Allah ya jiƙan wannan," ba tare da ta ɗago kai ba. A mako na uku na wannan horo ya aske guda tas bai fashe ba, ya kai mata ta sa masa maki.

Wata uku cif bayan tiyata likita ya yarda ya koma aiki, rabin yini, da sharaɗin ya ɗaga kujera sama don kada ya daɗe a sunkuye. Ya buɗe shago da safe, ya share, ya goge babban madubi. Yau ce ranar gwaji, don balan-balan ba ya da mata da za ta duba masa ƙeya in ya koma gida.

Na farko da ya shigo Tela ne. Ya zauna a kujera ba sallamar kirki, ya cire hular sanyi. Gashi ya tashi buzu-buzu, ya rufe kunnuwa, ya gangaro wuya.

"Wannan ce murar?" in ji Malam Daidai.

"Ita ce. Ka yi sauri, maiɗakina ta ce in ban aske yau ba in kwana a shago."

Malam Daidai ya ɗaura masa ƙyalle, sannan ya tsaya da inji a hannu. Ya ce akwai maganar da ya kamata ya faɗa tun tuni, game da madubin nan da ya ce ya tsage.

"Bar shi," in ji Tela. "Tun ranar farko maiɗakina ta gaya min. Ta ce wa ka yi wa laifi? Mai gyaran fanka ma tasa haka take, da direban nan, da mai kemis. Duk titin nan muna yawo a karkace, kowa yana ganin ta ɗan'uwansa."

"Kuma ba wanda ya ce uffan?"

"Me za a ce? Mutum ya yi maka shekara ashirin da ɗoriya daidai, ka kasa yi masa wata takwas a karkace? Ni dai aske ni, zafi nake ji."

Malam Daidai ya juya ya daɗe yana neman mataji, alhali matajin yana aljihun rigarsa. Kunya ta kama shi, da wata irin godiya. Ya kunna inji. Gashin wata uku ya zube a ƙasa. Da aka zo ƙeya, Tela ya sunkuyar da kai da kansa tun ba a ce masa ba. Malam Daidai ya shafa kumfa, ya riƙe reza da sabon riƙonsa, ya riƙe numfashi, harshe ya leƙo ta gefen baki. Ya tashi daga kunnen hagu. Ya ɗauki ninkin lokacin da yake ɗauka a da, Tela kuma bai ce ƙala ba, wanda shi ma wani abin tarihi ne.

Ya kaɗe gashi da burushi. Ya buɗe durowa, ya ɗaga tawul, ya fito da ƙaramin madubi ya goge shi da gefen riga. Ya ɗaga shi a bayan kan Tela.

"Daidai?" ya ce, ya kuma tsaya yana jiran amsa.

Tela bai yi gaggawa ba. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama, ya auna layin da ido kamar mai duba kafaɗar riga. Sannan ya yi ajiyar zuciya.

"Ka jawo min matsala," ya ce. "Maiɗakina ba za ta yarda a nan na yi aski ba."

Dariya ta ƙwace wa Malam Daidai tun kafin ya tare ta. A tsakiyarta ya tsaya cak, hannunsa ya tafi ƙeya, kan dogon tabon nan, yana jira. Babu abin da ya zo. Sai ya ƙarasa dariyarsa har hawaye, ya je ya mayar da madubin kan ƙusarsa kusa da ƙofa.